Shan Inna Ya Tafi, Guragu Suna Nan: Rayuwar Manya Masu Lalurar Ƙafa a Ƙasar Zango

  

Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ba nahiyar Afirka shaidar rabuwa da asalin ƙwayar cutar shan inna. Najeriya ce ƙasar ƙarshe da aka tsaya jira, domin a jihar Borno aka ga yaro na ƙarshe da wannan ƙwaya ta shanye, a shekarar 2016. An yi murna, kuma murnar a kan hanya take. A 1988, lokacin da aka ɗaura aniyar kawar da cutar daga doron ƙasa, yara kimanin 350,000 take nakasawa duk shekara a ƙasashe 125. Sai dai takardar shaida ba ta miƙar da ƙafar kowa ba. Waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan inda ta bar su, kuma yanzu ba yara ba ne.

Lissafin a fili yake. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an cusa maganin hana haihuwa a ɗigon riga-kafin. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 a Kano a 1996 ba, inda 11 suka rasu, don haka maganar ta sami wurin zama. Gwamnatin Kano ta dakatar da riga-kafin, ba a dawo da shi ba sai ƙarshen Yulin 2004, bayan an samo magani daga Indonesiya. Tsoron kuwa bai tsaya a kan iyakar Kano ba. A garuruwa da ƙauyukan Arewa da dama, har da na jihar Katsina, magidanta sun riƙa ɓoye yara a ɗaka in sun hango masu ɗigo. A 2002 yara 202 aka tabbatar sun kamu a Najeriya. A 2006 adadin ya kai 1,122. Waɗannan su ne waɗanda aka ƙirga kawai. Yaron da cutar ta shanye a 2004 yana shekara biyu, yau ya haura ashirin. Saurayi ne mai neman aure, ko budurwa ce da ƙawayenta suka daɗe da tarewa, ko magidanci ne mai neman abin cefane. A bayansu akwai yayyensu da iyayensu da suka kamu tun shekarun 1970 da 1980, lokacin da ba wanda yake ƙirgawa.

Biliyoyin kuɗi aka kashe wajen kare yaran da ba su kamu ba, kuma ba asara aka yi ba. Abin tambaya shi ne nawa aka kashe a kan waɗanda suka kamu.

Ba kowace gurguntaka ce shan inna ba, ko da yake bakin jama'a ya saba jingina masa duka. Da can an ɗauka iska ce mai suna Inna take shanye ƙafar yaro, shi ya sa ake nufar masu bori da masu turare kafin a tuna da asibiti. Gaskiyar lamarin ƙwayar cuta ce da ke fita ta bayan gida ta shiga ta baki, ta hanyar ruwa da abinci da hannun da ba a wanke ba, kuma cikin yara 200 da ta shiga jikinsu kusan ɗaya take kai wa laka ta kashe jijiyoyin da ke motsa ƙafa. Ba ta taɓa basira, ba ta hana haihuwa, ba a gadonta. Ƙafar ma tana jin zafi da sanyi kamar ta kowa, ƙarfi ne kawai babu.

Akwai kuma jaririn da ake haifa tafin ƙafarsa a murɗe ya kalli ciki, kusan ɗaya cikin kowace haihuwa dubu. In ba a gyara ba, zai tashi yana taka gefen ƙafa ko bayanta, wurin ya yi kanta, takalmin kasuwa ba ya shigarsa har abada. Akwai gwame da ƙafar baka, waɗanda sau da yawa laushin ƙashi ne tun yarinta. Binciken da Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa a Najeriya ba rashin hasken rana ne ke kawo wannan laushi ba kamar a ƙasashen Turai; ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a abincin yaran da aka yaye a kan koko da tuwo zalla. Akwai allurar da wanda bai ƙware ba ya caka a ɗuwawu ta sami babbar jijiya, ƙafa ta saki tana jan ƙasa. Akwai sikila, mai cinye kan ƙashin kwatangwalo ta bar mutum yana ɗingishi. Akwai ƙunar wuta da ta warke fata ta ɗaure gwiwa a lanƙwashe. Sannan ga babbar ƙofar da ke ƙara faɗi kullum: hatsarin babur. Maɗoran gargajiya sun yi wa jama'a aiki tun kafin a san asibiti, kuma karaya mai sauƙi sukan iya da ita. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta cinya, ko ta cikin gaɓa, in aka ɗaure ta da kara tamau, ko dai ƙashi ya haɗe a karkace ƙafa ta gajarce, ko jini ya daina gudu ƙafar ta ruɓe a kai ga yankewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da nakasa mai tsanani. Ƙaramar hukumar Zango da ke masarautar Daura tana da mutane fiye da 150,000 tun a ƙidayar 2006. Kowa ya yi nasa lissafin.

Masana lafiya in suna auna jin daɗin rayuwar mutum ba hoton ƙashi kaɗai suke dubawa ba. Sukan tambaye shi ko yana kwana da ciwo, ko yana iya zuwa inda yake so, ko yana kama ruwa ba tare da an ɗauke shi ba, ko yana da abin yi da abin samu, ko ana damawa da shi a cikin jama'a. Mutum biyu za su iya samun nakasa iri ɗaya, ɗaya yana walwala ɗaya yana ƙunci. Bambancin yakan fito ne daga wurin da suke zaune.

A ɗauki misalin matashi a wani ƙauye tsakanin Yardaje da garin Zango, wanda ƙafafunsa biyu suka shanye. Da asuba abin da zai fara fuskanta shi ne masai. Rami ne a ƙasa, kewayensa a jiƙe, shi kuwa da hannu yake tafiya. Zai zura silifa a tafin hannu, ya ɗaura guntun tayar mota ko tsumma a gwiwa, ya ja jiki ya shiga. Da hannun nan zai yi alwala, da shi zai ci abinci. In ya fito zai hau kekensa, irin wanda masu walda ke haɗawa da bututun ƙarfe da tayoyin keke uku, feda a gaban ƙirji, sarƙa ta sauka zuwa tayar gaba. A kan kwalta keken nan gudu yake kamar ba gobe. Amma ƙasar Zango jigawa ce. Da ya sauka daga titi tayar gaba za ta nutse a rairayi, ya murza feda ta yi ta juyawa wuri ɗaya, sai ya tsaya jiran yaran makaranta su turo shi. Da rani tsidau na huda masa taya, mai faci kuma sai a bakin kasuwa. Da damina laka ce. Ranar da sarƙa ta tsinke ko ƙarfen kujera ya ɓalle, in babu kuɗin gyara, zama ya kama shi a zaure har sai abin da hali ya yi, wani lokaci mako, wani lokaci wata uku.

Duk cikin wahalar nan, kaɗan ce ta fito daga ƙafarsa. Sauran daga masai ne, da rairayi, da sarƙa, kuma kowannensu da hannun mutum ake gyara shi. Kafinta zai iya ƙera kujerar katako mai rami a ɗora a kan masai cikin yini ɗaya. Mai walda zai iya kafa ƙarfen dafawa a bango. Buhun siminti biyu ko uku sun isa a yi daɓe daga ƙofar ɗaki zuwa bayi. Gidaje da yawa da ke da halin yin wannan ba su yi ba, ba don rowa ba, sai don ba wanda ya taɓa kawo musu tunanin.

Maganar keke tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, domin a nan ne ake yawan yin alheri ba tare da lura ba. Duk lokacin siyasa ko azumi akan ga an jera kekuna a fili, an kira 'yan jarida, an ɗauki hoto, an raba. Allah ya saka wa masu bayarwa. Sai dai keke kamar takalmi yake, kowa da awonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 80 ne ke buƙatar keken guragu a duniya, kuma a ƙasashe da yawa waɗanda suka samu ba su wuce kashi 5 zuwa 35 cikin 100 ba. Tun 2008 ta fitar da ƙa'idojin bayar da shi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi: a auna mutum, a duba inda zai bi da shi, a sa masa matashin zama mai kyau, a koya masa amfani da shi, a tanadi inda za a gyara. Kujerar asibiti mai ƙananan tayoyi a gaba, wadda aka ƙera don a tura majiyyaci a kan tayil, ba ta tafiyar taku goma a garuruwan ƙasar Zango irin su Rogogo ko Garni. Takan ƙare a jingine a bayan ɗaki, kaji na kwana a kai, ko a kasuwa. Kujerar da ta yi wa mutum faɗi tana karkatar masa da gadon baya. Wadda ba ta da matashi tana jawo gyambo a mazaunai, wanda ga mai ciwon laka yakan iya zama ajali. Da kuɗin keke goma za a kasa biyu, a sayi bakwai da suka dace, a ajiye sauran wajen mai walda da mai faci don gyaran shekara, da amfanin ya fi haka nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce gyaran sarƙa ba ya shiga hoto.

Daga nan sai masallaci. Addini ya sauƙaƙa: wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune, kuma Alƙur'ani a Suratun Nur da Suratul Fat'hi ya ɗauke wa gurgu ƙunci. Tarihi ya adana sunan Amru ɗan Jamuhu, sahabi mai tsananin ɗingishi da ya ƙi zama a gida har ya yi shahada a Uhudu, da Aɗa'u ɗan Abi Rabah, baƙar fata mai gurguntaka wanda ya zama mai ba da fatawa a Makka. Amma a duba masallatan Juma'a da ake ginawa yanzu: matakala huɗu ko biyar, tayil mai santsi, wurin alwala da sai an tsallaka kwata. Shi ya sa ake ganin guragu a bakin ƙofa a rana, inda mai shiga zai ɗauka bara suka zo, alhali wasunsu sahu suke nema. Gangaren hawa ba wani abin tsada ba ne in an sa shi tun a zanen gini. Ƙa'idarsa ita ce duk tsayin taku ɗaya a ba shi tsawon taku goma sha biyu, ƙofa kuma ta kai faɗin santimita 90. Wanda ake yi a tsaye kamar tsani don a ce an yi, ya fi matakala haɗari.

Sai batun abin kai wa baki. Ƙasar Hausa tana da tsohon tsari: Sarkin Guragu, Sarkin Makafi, Sarkin Kutare, kowanne da jama'arsa da fadawansa, yana sasanta rigima, yana karɓar baƙo, yana kai kuka fada. Malama Elisha Renne, wadda ta yi bincike a Zariya ta fitar da littafi a kan siyasar shan inna a 2010, ta nuna yadda ƙungiyoyin guragu ke riƙe junansu. Tsari ne mai daraja, ya ba mutane suna da murya tun kafin a san wata hukuma. Amma an gina shi ne a kan sadaka, kuma sadaka ta saba wa jama'a da ganin gurgu a matsayin hannun karɓa. Yaro ya shanye, sai a cire shi daga lissafin makaranta da na gona, wani lokaci ma a mai da shi jarin gida. Ya girma ya bi ayarin masu tafiya Kano ko Abuja ko Legas, ya zauna a bakin danja, hukuma ta kwashe shi ta dawo da shi, bayan sati biyu ya koma. Wanda ya zagi mai bara bai san lissafinsa ba: mutumin da ba a koya wa karatu ko sana'a ba, aka kuma toshe masa ƙofar kowane ofis da matakala, me ake so ya ci? Hana bara ba tare da an buɗe wata ƙofa ba, korar yunwa ce daga titi zuwa cikin gida.

Waɗanda suka buɗe ƙofar da kansu ba a nesa suke ba. A Kano, Aminu Ahmed Tudun Wada, wanda shan inna ya shanye tun yana ƙarami, ya jagoranci ƙungiyar waɗanda cutar ta taɓa suka kafa wurin walda, suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa, suna koya wa matasa. Shi da abokansa sun riƙa bin masu riga-kafi gida-gida, kuma magidancin da ya kori ma'aikaciyar lafiya yakan yi shiru in gurgu ya nuna masa ƙafarsa ya ce ga abin da ake gudar wa ɗanka. Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wadda ake bugawa da hannu a zaune a kan katako mai tayoyi, yau ana gasarta tsakanin jihohi. A Jos, Ayuba Gufwan ya kafa cibiyar Beautiful Gate da ta ƙera dubban kekuna ta raba, kuma a 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa. A wasannin Rio na 2016 'yan wasan Najeriya masu ƙafa tagulla ɗaya tak suka kawo gida. Nakasassu suka kawo zinare 8, azurfa 2, tagulla 2. Cikin masu zinaren akwai Lucy Ejike, mai ɗaga ƙarfe, wadda ita ma shan inna ne ya zaunar da ita.

Ba ana cewa sai kowane gurgu ya zama zakara kafin a mutunta shi ba. Masu ƙafa ma yawancinsu talakawa ne masu neman na yau. Abin da ake nema wa gurgun Zango shi ne irin wannan rayuwa ta kowa: teburin gyaran waya, keken ɗinki mai aiki da hannu ko da lantarki, na'urar cirar kuɗi, ɗinkin hula, gyaran takalmi, kiwon tumaki na turke da za a kai kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ajin koyarwa a firamare ko Islamiyya, kujerar akawu a sakatariya. Ko babur mai ƙafa uku da wasu suka haɗa suna kai kaya da shi sana'a ce, ko da yake tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 da yawa sun jingine nasu.

Akwai doka a kan wannan, kuma mutanen masarautar Daura sun fi kowa haƙƙin tambayar inda ta kwana, domin ɗan Daura ne ya sa mata hannu. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Ta tanadi tarar Naira miliyan 1 ga kamfani ko ma'aikatar da ta nuna bambanci, da Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya. Ta ce a ware wa nakasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, a ba su ilimi kyauta har sakandare, a fara sallamarsu a layi, kuma ta haramta amfani da su wajen bara. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Duk mai son sanin inda aka kwana, ya zaga makarantu da asibitoci da bankuna da kotunan da ke kusa da shi ya ƙirga matakala. A 'yan shekarun nan Daura ta sami Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri, da asibitin sojojin sama, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta cikinta. Waɗannan duka na gwamnatin tarayya ne, dokar ta hau kansu kai tsaye. Kashi biyar ɗin nan haƙƙi ne, kuma sai da takardar makaranta ake cin sa, abin da ke mai da magana kan yaron da aka bari a gida saboda babu mai goya shi zuwa aji.

Akwai wani abu da ko ma'aikatan lafiya ba kowa ya san shi ba. Shekara 15 zuwa 40 bayan shan inna, kashi 25 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka tsira sukan fara jin sabon rauni: gajiya marar dalili, ciwon gaɓoɓi, ƙafar da take ɗaukar mutum da can ta fara gazawa. Ba cutar ce ta dawo ba, kuma ba sammu ba ne. Jijiyoyin da suka rage, waɗanda suka ɗauki aikin 'yan'uwansu da suka mutu, su ne suka gaji. Ga kuma kafaɗa da wuyan hannu da suka yi shekara talatin suna aikin da ba nasu ba, a kan sanda ko feda. Mai irin wannan hali ba ƙarin wahala yake buƙata ba. Hutu yake buƙata a tsakanin aiki, da rage ƙiba, da awon hawan jini da na sukari, da sandar da aka yanka daidai tsawonsa, da takalmin ƙarfe mai riƙe gwiwa, da ganin likitan gashin ƙashi. Abin da yawanci ke faruwa shi ne ya je kemis ya sayi maganin kashe zafi ya yi ta sha har ya taɓa masa ciki ko ƙoda, wasu kuma daga nan suke faɗawa tiramadol.

Babba ma ana yi masa gyara, ko da yake ba kowa ba. Ana sakin jijiyar da ta ɗaure gwiwa, ana yanka ƙashin da ya haɗe a karkace a daidaita shi, ana ƙara wa gajeriyar ƙafa tsawo da zoben ƙarfe irin wanda likitan Rasha Gavriil Ilizarov ya ƙirƙiro, milimita ɗaya a kowace rana. Wani ma tudun takalmi na santimita uku kawai zai raba shi da ciwon baya na shekaru. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana wannan aiki yana kuma ƙera ƙafar roba da takalman ƙarfe. A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Janar Amadi Rimi. Amma daga Zango zuwa Dala tafiyar fiye da kilomita 100 ce, da kuɗin mota na mutum biyu, da na ɗora keke a saman mota, da na kwana, kuma ba zuwa ɗaya ake yi ba. A nan ne zakka da waƙafi da asusun inshorar lafiya na marasa galihu ya kamata su shigo. Kuɗin da zai miƙar da magidanci ya koma sana'a ya fi buhun shinkafar da za a ba shi duk azumi har ƙarshen rayuwarsa.

Mata kuwa nasu ya ninka. Gurgu in yana da sana'a yakan sami mata, har biyu. Gurguwa sai an yi da gaske, kuma dangin miji ne kan fara tambayar wa zai yi daka, wa zai ɗebo ruwa, anya za ta haihu. Tana haihuwa lafiya lau, 'ya'yanta kuma da ƙafafunsu. Abin da take buƙata shi ne awon ciki da wuri da haihuwa a asibiti, domin in ƙugu ya karkace naƙuda na iya tsayawa a buƙaci aiki. Gadon haihuwa kuma a yi shi yadda za ta iya hawa, ungozoma ta riƙe harshenta. Kalmar "ke ma da wannan halin?" ta hana mata da yawa komawa awo.

Ƙofar da sababbin guragu ke shigowa ta nan ma ba ta rufu ba. Har yanzu ana samun wani nau'in ƙwayar shan inna da ke yaɗuwa a inda yara da yawa ba su sami riga-kafi ba, kuma jihohin Arewa maso Yamma ne kan gaba. Zango na kan iyaka, jama'a na shiga da fita tsakaninta da ƙasar Damagaram dare da rana, don haka ɗigon nan bai zama tsohon yayi ba. Sarakuna sun taka rawa a wannan yaƙi tun da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya haɗa kwamitinsu a 2009, kuma aikin bai ƙare ba. Jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa kuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hanyar da Dokta Ignacio Ponseti ya fito da ita a jami'ar Iowa ta Amurka ba ta buƙatar babban aiki: ana miƙar da ƙafar a hankali a sa mata siminti, a sauya duk mako har sau biyar zuwa takwas, a ɗan saki jijiyar dunduniya, sannan yaro ya riƙa kwana da takalmi na musamman har ya kai shekara huɗu. Fiye da kashi 90 cikin 100 suna tashi suna gudu kamar kowa. Duk ungozomar da ta ga irin wannan ƙafa, ta tura uwar asibiti tun kafin a yi suna. Yaron da aka yaye kuma a ba shi nono da madara da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu. A ƙasar da Fulani ke kawo nono kasuwa kullum, bai kamata ƙashin yaro ya yi laushi ba.

Zango gari ne da ya taɓa riƙe gidan sarautar Daura shekaru da dama bayan jihadi, har Sarki Malam Musa ya tashi daga nan ya koma karagar kakanninsa a farkon zamanin Turawa. Tsarin hakimi da dagaci da mai unguwa yana nan da ƙarfinsa, kuma shi ne ya kai ɗigon riga-kafi kowane zaure. Roƙon da ake yi ga iyayen ƙasa shi ne su sa masu unguwanni su rubuta kowane mai lalurar ƙafa da ke ƙarƙashinsu, da shekarunsa, da abin da ya iya, da abin da ya rasa, a miƙa wa ƙaramar hukuma da Sarkin Guragu. Ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin koya wa masu walda biyu ko uku ƙira da gyaran keken da zai iya da rairayi, kuma a fara da guragun kansu. Kwamitocin masallatai su gina gangare kafin su sayi sabon kafet. Shugabannin makarantu su mai da ajin da ke da ɗalibi gurgu kusa da ƙofa, su gyara masai ɗaya. Masu hali da ke shirin rabon keke a bana, su fara aika wanda zai auna mutanen, su kuma tambaye su abin da suke so kafin a sayo.